Gonar Geron da Na Ɓoye a Taswira

Shekara huɗu na yi ina ɗaga kwalaye a wani katafaren sito da ke kan titin Wendover kafin Allah ya tuna da takardar safiyo da na zo da ita daga Kano. Kwalayen da na ɗaga a shekarun nan, da za a jera su, da sun tashi daga garin Greensboro na Amurka sun taɓo Dutsen Dala, har a samu ragowa. Ana haka sai na ji wani ƙaramin ofis a bayan titin Elm yana neman wanda ya iya karanta taswira. Na je da kwat ɗin aro wadda hannunta ya tsaya mini a rabin hanya, suka dube ni, suka dubi takardar, suka ɗauke ni. Wajen tsakiyar shekarun dubu biyu ke nan.

Aikin ofishin kare filaye ne. Mai fili zai zo ya ce ba ya so bayan ransa a sare masa daji a kafa kantuna da wajen ajiye motoci. Sai a yi yarjejeniya a rubuce: fili yana nan nasa, amma babu gini a kai har abada. Kafin a sa hannu dole a san abin da ke cikin filin, ina daji, ina rafi, ina gona, ina ciyawa. Nan ne cin abincina. Wani ƙaramin jirgi yakan tashi a tsakiyar zafi, lokacin da ganye ya cika, ya yi ta ɗaukar hoton ƙasa daga sama, a kawo mana a kwamfuta.

Kyamarar jirgin nan tana ganin wani haske da idon ɗan Adam ba ya gani, saboda haka duk ganye mai rai ja yake fitowa. Ranar farko da na buɗe hoton sai da na yi salati, na zaci gobara ta cinye jihar kaf, ni kaɗai ba a gaya wa ba. Daga baya ido ya saba. Itatuwan fayin, masu ganye kamar allura, ja ne mai duhu kamar zoɓon da ya kwana. Masu faɗin ganye ja garau kamar tattasai. Ruwa baƙi, kwalta toka-toka. Ni kuma in bi gefen kowane yanki in zana masa iyaka, in ba shi lamba, sa'an nan in ɗauki mota in je in gani da idona ko abin da na rubuta shi ne a ƙasa.

Uwar ɗakina wata Baturiya ce siririya, ko a ofis da takalmin shiga daji take yawo. Ta san sunan kowace ciyawa da na kakarta. Tsuntsaye kuwa, da a ce ana ɗaura aure da su, da tuni mun sha biki. Madubin hangen nesa a wuyanta yake wuni kamar laya.

To, akwai Alhaji. Badamagare ne, ya doshi saba'in, 'ya'yansa suka ɗauko shi daga Nijar wai ya zo ya huta. Suka ajiye shi a hawa na uku na wani gidan haya, suka ba shi kujera mai laushi da talabijin. Wata biyu ya yi ya fara ramewa. Ni Bakano ne, shi Badamagare, abokan wasa ke nan, don haka tun ranar da muka haɗu a masallaci ba mu taɓa gaisawa ba tare da mun taɓa juna ba.

Wata shekara an je sayen ragon layya a McLeansville, can gabas da gari inda gidaje suke ɗaya nan ɗaya can, Alhaji ya hango wani fili kwance a bayan gidan wata tsohuwar Baturiya, bayan dajin fayin, kusa da rafi. Ya je ya ƙwanƙwasa mata ƙofa. Turancinsa bai kai kalma ashirin ba, ita kuma kunnenta ya yi nauyi, amma Allah ya haɗa su. Ya nuna filin, ya yi alamar noma da hannu, ta ɗaga kai. Shi ke nan an gama, aron gona ya ƙullu yadda ake yi a gida. Ba takarda, ba sa hannu. Abin da ke wuyansa shi ne duk kaka ya kai wa mai gona dami ɗaya, don kada a manta ta wane ce.

Shekara bakwai yana noman gero a wajen, da wake, da kuɓewa, da yakuwa. Ranar Juma'a in an idar da salla sai ya buɗe bayan motar ɗansa, kowa ya ɗiba. Ba sayarwa yake ba. Ni kaina furar da na sha daga gonar nan ta isa a yi wa giwa wanka.

Wata rana da sanyi uwar ɗakina ta ajiye mini sabon fayil. Wata tsohuwa ce ta rasu a McLeansville, ɗanta da ke zaune a wani gari yana so a sa filin uwarsa cikin kariya. Na buɗe hoton da aka ɗauka a watan Yuli, ina ta zana fayin ina waƙe-waƙena, sai na iso bakin rafi. Na tsaya cak.

Manomin Amurka da inji yake shuka, layinsa miƙe kamar an ja da rula. Wannan kuwa ɗigo-ɗigo ne, taku ɗaya tsakanin rami da rami, layin ya tafi ya tafi, in ya iso bishiya sai ya karkata ya ba ta hanya ya wuce. Tsakanin ɗigon akwai wani ja mai yaɗo, wake ke nan. Gefe kuma wani siririn zare ja mai duhu ya zagaye wajen duka. Ba mai yi wa gona iyaka da yakuwa sai mutumin ƙasarmu. Har wani farin ɗigo na gani a gindin bishiya, na rantse malfar Alhaji ce.

Ban ankara ba ashe uwar ɗakina tana tsaye a bayana.

“Mene ne wannan kamar ƙyanda ta fito wa ƙasa?” in ji ta.

Na yi tari. Na ce, “Tsohuwar saura ce. Gonar da aka bari, ciyawa ta fito tsibi-tsibi.”

“Ban taɓa ganin irinta ba. Ka je ka duba.”

Na je kuwa. Na tarar da kara a tare gefe guda, da gwangwanayen korar tsuntsu a rataye. Na zauna a gindin bishiyar na ci biredina, na dawo na rubuta cewa na duba, saura ce. Na ba gonar lambar saura.

Kada mai karatu ya yi saurin zagina. Mu inda muka taso, abin da hukuma ba ta gani ba shi ne yake kwana lafiya. Da zarar an rubuta gonarka a littafi, gobe mai haraji ne, jibi malamin daji, gata a ce hanya za ta bi ta kai. Tun muna yara muka ga iyayenmu in baƙo mai biro ya tambayi awaki nawa ne a gidan, sai su ce biyu, na uku yana kuka a bayan ɗaki. Ni a ganina rufin asiri na yi.

Da na gaya wa Alhaji, sai da ya riƙe hannuna da hannu biyu.

“Bon,” in ji shi, da ɗan Faransancin da yake yayyafa wa magana. “Yau dai ƙaryar Bakano ta yi wa Musulmi amfani. Allah ya yi maka albarka. Amma tsaya, jirgin ya gan ni?”

“Ya ga malfarka, Alhaji. Ya ce a gaya maka ta isa wanki.”

Aka sa hannu a yarjejeniya da bazara, na manta da zancen. Alhaji ya yi shuka. Ta farko ruwa ya yi mata yawa ta ruɓe, ya sake da ragowar irin da ke hannunsa, ta biyun ta kama. Zuwa ƙarshen Agusta gero ya fi mutum tsawo, kai ya fito, saura kamar sati biyar a yanka.

Wata Alhamis na shigo ofis da shayina, na ga an manna sabuwar takarda a allo. Tsarin aikin filin McLeansville ne. Duk yankin da ke da lambar saura, ranar Litinin tarakta za ta shiga ta yanke shi ƙasa-ƙasa, a yi feshi, daga baya a shuka ciyawar asali ta ƙasar, wadda tsuntsaye ke so. Mai taraktar ɗan kwangila ne, taswira yake bi, ko masallaci ya tarar a cikin layin yanke shi zai yi.

Na ajiye shayin. Na ɗauko yarjejeniyar, wadda ban taɓa karanta ta ba tun da aikina zane ne, na bi ta shafi-shafi. A can ciki na ga an rubuta ɓaro-ɓaro cewa duk wajen da taswira ta nuna gona ce, gona zai ci gaba da zama, ba mai taɓa shi. Da tun farko na rubuta gaskiya, da gonar Alhaji ta fi ofishinmu tsaro. Ni da hannuna na ɗauke ta na sa a gaban tarakta.

Washegari bayan Juma'a na ja shi gefe, bayan motoci, na zayyana masa. Da na gama, sai ya ce:

“Wato ka ɓoye ta har ta ɓace.”

“Kusan haka, Alhaji.”

“A kai wa mai taraktar goro.”

“Ba ya cin goro. In ka ba shi, sai ya kira 'yan sanda su auna shi.”

“To in kwanta a gabanta.”

“Ba ka cikin taswira, Alhaji. Bi ta kanka zai yi.”

Na zaci zai yi dariya. Bai yi ba. Ya jingina da mota ya ce, “Ɗan Kano, a garin nan in na je asibiti jikata ce ke magana. In waya ta yi ƙara sai na nemi mai danna mini. Ƙofar gida ma lamba gare ta, kullum sai an tuna mini. Can ne kaɗai in na tsaya ba wanda ya fi ni sani.” Ya gyara hula. “Kuma irin. Shekara bakwai ina zaɓen kan da ke nuna kafin sanyinsu ya sauko. Duk na zuba a ƙasa bana. Ko tsaba ɗaya ban rage ba. In aka yanke shi ɗanye, shi ke nan.”

Sai ya nuna ni da carbi. “Kai ka binne, kai za ka tono.”

Daga nan ofis na nufa, ko rigar Juma'a ban cire ba. Hanyar minti goma ce amma na ji kamar na taka zuwa Zinder. Na sami uwar ɗakina, na buɗe hoton, na ce ina da magana. Na faɗa mata komai. Ina gamawa na fara tunanin ko sito na Wendover yana da gurbi.

“Ɗigon nan fa?” in ji ta.

“Gero. Rami-rami ake shuka shi, da dunduniya ake rufewa.”

“Zaren da ya zagaye?”

“Yakuwa. Iyakar gona ce.”

“Ya bar bishiyoyin da gangan?”

“Ba a sare bishiyar da ke ba da inuwa a gona.”

Ta matso da fuska har hancinta ya kusa taɓa gilashi. Na ga abin ya burge ta, na fara murmushi. Ta juyo ta ce in rufe baki, ba ta gama da ni ba. Ta ce an riga an sa hannu, ita ba ta da ikon canja ko ɗigo sai da yardar mai fili. Ta tambaya ko dattijon yana da takardar izini. Na ce babu. Shaida fa? Na ce Allah, sai karen tsohuwar, shi ma ya mutu.

Ta buga wa ɗan tsohuwar waya a gabana. Ina jin muryarsa daga inda nake. Ya ce uwarsa ba ta taɓa ambata masa wani manomi ba, kuma ba ya son baƙi su riƙa shiga masa fili, in wani ya ji ciwo wa za a kama? Da ƙyar ya yarda zai zo Asabar da safe ya gani.

Asabar Alhaji ya fito da babbar riga ta shadda mai aiki har ciki, ya sha turare, kamar za a naɗa shi sarauta. Ɗan tsohuwar kuwa wani ƙato ne jajir, da gajeren wando. Muka tsaya a ƙofar gidan da aka rufe, ni ne tafinta.

“Tambaye shi takarda,” in ji mutumin.

Na tambaya. Alhaji ya ce, “Gaya masa na zo gaisuwar uwarsa na tarar da gida a kulle. Allah ya ba shi haƙuri. Sa'an nan ka ce ya biyo ni.”

Bai nufi gona ba. Wani tsohon rumbun katako ya nufa, can gefen gidan, irin manyan nan da ake ajiye ciyawar dabbobi. Ya tura ƙofa, ya nuna sama.

“Wala,” in ji shi da Faransancinsa, wato ga su nan.

Damman gero ne a rataye a jikin azara, a jere. Na farkon ɓeraye sun gama da su, sai ƙashi. Na baya-bayan da sauran tsaba. Guda bakwai.

Mutumin ya ce ai ya gan su tun da ya zo kwashe kaya, ya zaci tsintsiya ce irin ta da, har yana shirin ƙona su. Na bayyana masa al'adar: wanda ya ari gona, duk kaka yana kai dami ɗaya gidan mai ita, don shi da 'ya'yansa su san ba tasu ba ce. Tsohuwar ba ta san yadda ake cin gero ba, amma ba ta taɓa mayarwa ba.

Uwar ɗakina ce ta lura da 'yan takardun. Ta ɗaga madubinta, wanda aka yi don tsuntsu, ta ce akwai wani abu a ɗaure a jikin igiyar. Mutumin ya jawo tsani ya hau. Ashe tsohuwar irin mutanen nan ce da ko kwalbar gishiri sai sun manna mata suna. Kowane dami ta ɗaura masa ɗan kati, ta rubuta shekara, a ƙasa ta sa: daga manomina.

Ya bi su ɗaya-ɗaya yana karantawa a hankali. Da ya iso na bakwai ya juya shi, ya sake juyawa, babu kati.

“Wannan fa?”

Na tambayi Alhaji. Ya ce, “Na bara ne. Ta riga ta rasu. Ni na hau na rataye. Aro ba ya mutuwa don mai gona ta mutu, gidan ake kai wa.”

Na fassara. Mutumin ya daɗe a kan tsanin, ya juya mana baya, yana ta gyaran wata igiya da ba abin da ya same ta. Ni kuma na mai da hankali ga takalmina.

Da ya sauko ya ce a je a ga gonar. Muka ratsa fayin, muka ɓullo, sai ga gero tsaye kamar sojoji, ga yakuwa ta yi ja ta zagaye. Muna isowa wani garken tsuntsaye ya tashi daga ciki, fuuu, sai da rana ta dusashe. Alhaji ya manta da shaddarsa, ya ruga ya fizgi igiyar gwangwanaye yana ihu yana tsine musu. Uwar ɗakina kuwa ta kafa madubi tana kiran sunayensu ɗaya-ɗaya, kamar ta ga 'yan'uwanta da suka ɓace.

Nan aka yi ciniki. Mai fili ya ce ya yarda a gyara taswira. Uwar ɗakina ta ce da sharaɗi: layi uku na bakin rafi a bar wa tsuntsaye, ba yanka, ba gwangwani.

“Me ta ce?” in ji Alhaji.

Na gaya masa. Ya buɗe baki.

“Ni? Tun ina ɗan shekara biyar nake korar tsuntsu. Yanzu in yi masa noma? Ashe a ƙasar nan tsuntsu ma da lauyarsa. Ce mata ɗaya.”

“Ta ce uku.”

“Ɗaya da rabi. Kai Bakano ne, yi mana ciniki mana, ko a nan ma ba ka da amfani?”

A biyu aka tsaya. A nan take ta buga wa mai tarakta waya, muka bi gefen yakuwar muna ɗaura jan ƙyalle a kan sanduna. Litinin ina tsaye a wajen tarakta ta zo, ta yanke saurar gaske da ke kewaye, ta iso ƙyallen farko ta karkata ta wuce.

Ban tsira haka nan ba. Uwar ɗakina ta sa na sake taka duk yankin da na taɓa cewa na duba, a kowane fayil, da ƙafa, tana biye da ni. Kaskar da ta cije ni a watan nan ta ishi garken shanu. Gyaran takardun ya ɗauki makonni. A jerin lambobinmu babu ta gero, sai da ta ƙirƙiro sabuwa, ni kuma na zauna na bi zaren yakuwar nan a hankali na zana iyaka.

Alhaji ya yanka geronsa farkon Oktoba. Ya ware kawunan iri tukuna, manya-manya, ya ɗaure su daban. Ya kai dami na takwas rumbun, mai fili ya zo da kansa ya rubuta kati. Na buga wa Alhaji hoton gonar a babbar takarda na kai masa gida, da sabon layin da lambar a jiki. Ya sa tabarau ya daɗe yana bin ramukan da yatsa, har ya iso farin ɗigon nan na gindin bishiya.

“Baɗi yaushe jirgin zai wuce?”

Na ce sai cikin Yuli, amma ba a sanin ranar.

“Ka bincika ka gaya mini,” in ji shi. “In sa sabuwar malfa.”